Idan Caji Ya Ƙare a Tsakiyar Hanya: Me Ya Bambanta Shi da Ƙarewar Mai?

Ku ɗauka motoci biyu ne suka taso daga Kano za su Kaduna, tafiyar kilomita ɗari biyu da 'yan kai. Ɗaya fetur take sha, ɗaya lantarki. Bayan an wuce Zariya, duk biyun suka tsaya.

Mai motar fetur ya san abin yi. Zai tari ɗan acaɓa, ya sayo lita huɗu ko biyar a galan, a gidan mai ko wurin 'yan bumburutu. Ya zuba, ya murɗa makulli sau biyu ko uku ba tare da ya tayar ba, don famfo ya turo mai, sannan ya tayar. Amma akwai ɓarnar da ba a gani nan take. Famfon mai a cikin tanki yake zaune, kuma man ne ke sanyaya shi. Duk sa'ad da ya zuƙi iska sai ya yi zafi, kwanansa ya ragu. Idan motar dizal ce, iska na shiga bututun mai, sai an fitar da ita da ɗan famfon hannu da ke kusa da filta kafin inji ya kama. Haɗarin gaske kuwa shi ne injin ya mutu ana cikin gudu: birki ya yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi.

Motar lantarki ba ta mutuwa farat ɗaya. Tun cajin na wajen kashi 20 cikin ɗari take fara gargaɗi, ta sake yi idan ya ƙara sauka. Dab da ƙarshe sai ta rage ƙarfinta da kanta. A Nissan Leaf hoton kunkuru ne ke fitowa a gaban direba, ko an take totur ba ta ja sosai. Wannan dama ce ta sauka gefen titi, kada a mai da ita damar ƙara tafiya.

To daga nan ne wahalar take farawa, domin ba a ɗebo lantarki a galan.

Abu na farko da mutane da yawa ba su sani ba: batir biyu ne a motar. Akwai babba, mai wajen bolt 400, wanda ke juya tayoyi. Akwai ƙarami mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda ke riƙe da kwamfuta, fitilu da makullan ƙofa. Babban ne ke ciyar da ƙaramin. Idan babban ya ƙare, ƙaramin ya zama maraya. Kuka bar fitilu da fanka da rediyo a kunne, cikin 'yan sa'o'i shi ma zai mutu. Idan ya mutu, ko an kai motar gaban caja ba za ta karɓi wuta ba, saboda shi ne ke haɗa maɓallin da ke buɗe hanyar babban batir. Sai an jona masa wani batir tukuna. Don haka da zarar kun tsaya, ku kashe komai, ku bar fitilun gargaɗi kawai.

Abu na biyu, kuma a nan aka fi tafka asara: kada ku ɗaura mata igiya ku ja. A yawancin motocin lantarki, tayoyi a haɗe suke da injin juyawa kai tsaye. Idan suka juya, injin ya koma janareto, yana haifar da wuta da zafi a lokacin da na'urar sanyayawa take a kashe. Hakan na iya ƙona kayan da gyaransu ya ninka kuɗin janwe sau da yawa. Littafin jagorar motocin lantarki na kamfanin Tesla ya yarda a gangara motar ne kawai ƙasa da mita 10, a gudun da bai kai kilomita 5 a awa ba, don a hau da ita kan mota mai shimfiɗaɗɗen baya. Irin wannan motar za ku kira, tayoyi huɗu duka a sama.

Janareto fa? Mu yi lissafi. Soket na gida mai bolt 230 da amfiya 10 yana ba da kilowat 2.3, wato yunit 2.3 na wuta a awa guda. Mota matsakaiciya na cin yunit 15 zuwa 20 na wuta a kowace kilomita 100. Ke nan cajin awa guda zai ba ku kilomita goma zuwa goma sha biyar. Ƙaramin janareton shago ba zai ɗauka ba, ana buƙatar mai kilowat 3 ko fiye. Sau da yawa ma cajar kan ƙi aiki idan ba ta ga wayar ƙasa, wato wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa, a haɗe daidai ba. Wasu motoci, irin Hyundai Ioniq 5 da Kia EV6, suna iya ba 'yar'uwarsu wuta har kilowat 3.6, amma wannan ma zaman jira ne.

Saboda haka shawarar ana yanke ta ne tun caji na kashi 20. Ku sauko daga gudun 120 zuwa 80, domin iska ce ta fi cinye batir a babbar hanya. Ku rage na'urar sanyaya ɗaki. Ku kwatanta kilomitar da motar ta ce ta rage da nisan wurin caji, ku bar rarar aƙalla kilomita 30. A hanyoyinmu na Arewa, inda wuraren caji ba su da yawa, ku buga waya ku tabbatar akwai wuta a wurin kafin ku dogara da shi. Idan kuma motar ta riga ta kai sifili, a sa ta a caji a ranar, kada ta kwana biyu a haka cikin rana, domin batirin litiyam na lalacewa idan ya daɗe a bushe.