Violet McNaughton: Matar Manomi da Ta Ce Likita Haƙƙin Kowa Ne

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau za mu tafi tsakiyar ƙasar Kanada, lardin Saskatchewan, inda fili ya shimfiɗe fetal, ba tudu ba dutse, sai gonakin alkama iya ganin ido. A can ne wata mata mai suna Violet McNaughton ta yi kusan shekara 60 na rayuwarta, tana fafutuka a kan abubuwa uku da maza masu mulki ba su ɗauka a bakin komai ba: ruwan sha a gidan manomi, likita kusa da mai naƙuda, da ƙuri'ar mace.

An haife ta a 1879 a ƙauyen Borden da ke yankin Kent a Ingila. Malamar makaranta ce kafin ta bar gida. A 1909 ta haye teku ta bi mahaifinta da ɗan'uwanta da suka kama gona kusa da wani ɗan gari mai suna Harris, kudu maso yammacin birnin Saskatoon. Shekara na zagayowa ta auri John McNaughton, manomi da ya zo daga New Zealand.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san yadda ake samun gona a wancan zamanin. Dokar filaye ta 1872 ta ce duk namijin da ya biya dala 10 za a yanka masa eka 160, in ya zauna ya noma ta shekara uku ta zama tasa. Mace ba ta cikin wannan rabo, sai in ita ce ke riƙe da gida, kamar wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Kuma filin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ƙasar 'yan asalin wurin ce, irin su Cree da Métis, waɗanda gwamnati ta ture gefe don ta zaunar da baƙi. Duk wanda zai ba da labarin manoman nan bai kamata ya tsallake wannan ba.

To, ya rayuwar take? Itace ya yi ƙaranci, don haka ɗakin farko na baƙi da yawa da ƙasa ake gina shi. A yanko fatar ƙasa mai saiwar ciyawa, a jera kamar tubali, a rufa. Violet ma a irin wannan ɗaki ta fara zaman aure. Da hunturu sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Maƙwabci yana can nesa, sai an ɗaura wa doki keke kafin a kai gare shi. Ruwan girki, na wanki, na wanka, duk a bokiti mace ke ɗauko shi daga rijiya ko kududdufi, in sanyi ya tsananta kuma ta narkar da ƙanƙara a kan murhu. Wadda ta taɓa sammakon zuwa rijiya da tulu a ka ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

A 1911 rashin lafiya mai tsanani ya kama ta. Sai da aka kai ta Saskatoon aka yi mata tiyata, aka cire mahaifa. Ta tashi, amma haihuwa ta ƙare mata ke nan. A wannan jinya ta ga abin da ke cin matan karkara da idonta: asibiti nesa, kuɗin likita ya fi ƙarfin aljihun manomi, mata na haihuwa babu ko ungozoma, wasu su tafi, wasu su rayu da ciwon da zai bi su har kabari. Da wata ce, da ta koma gida ta rungumi ƙaddara ta yi shiru, kuma ba wanda zai ga laifinta. Violet ta ɗauki abin da ya same ta a matsayin matsalar jama'a, wadda jama'a ne za su haɗu su magance.

A lokacin manoma maza suna da ƙungiyarsu, Ƙungiyar Manoman Hatsi ta Saskatchewan. Kukansu a kan kamfanonin jirgin ƙasa ne da masu manyan rumbunan sayen alkama, waɗanda ke yanka wa hatsi farashin da suka ga dama. Violet da mijinta suka shiga reshen unguwarsu, Hillview. Tambayarta mai sauƙi ce: in matan nan su ne ke tatsar shanu, su kiwata kaji, su dafa wa masu girbi abinci, me ya sa in an zauna taron manoma ba a jin muryarsu? A 1914 aka kafa sashen mata na ƙungiyar, aka zaɓe ta shugabarsa ta farko. 'Yar ƙaramar mace ce, tsayinta bai kai ya kawo ba, amma in ta miƙe a taro ana saurara.

Batun ƙuri'a ya biyo baya. Ita ce ta matsa a haɗa kan matan karkara da na birni da masu yaƙi da shan giya a inuwa ɗaya, aka kafa kwamitin neman 'yancin zaɓe a 1915. Mata suka bi gona-gona suna tara sa hannu dubbai, suka kai wa gwamnatin lardin, wadda Walter Scott ke jagoranta. A watan Maris na 1916 matan Saskatchewan suka samu damar jefa ƙuri'a a zaɓen lardi, makonni kaɗan bayan matan lardin Manitoba mai maƙwabtaka da su. Sai dai matan 'yan asalin ƙasar da yawa ba su shiga ciki ba, sun jira har 1960 kafin a buɗe musu ƙofar zaɓen tarayya ba tare da sharaɗi ba.

A wurin Violet ƙuri'a makami ce ta neman asibiti. A 1915 wata ƙaramar hukuma mai suna Sarnia ta yi wani abu sabo: likitanta zai tafi saboda marasa lafiya ba sa iya biyansa, sai hukumar ta yanka masa albashin dala 1,500 a shekara daga harajin jama'a don ya zauna. Daga 1916 lardin ya fara yin dokokin da suka halatta wa ƙananan hukumomi su ɗauki likita da kuɗin haraji, su kuma haɗa ƙarfi su gina asibiti ɗaya. Matan manoma, da Violet a gaba, suna cikin waɗanda suka hana gwamnati sakat a kan wannan. Ni a ganina nan ne babban aikinta yake, ko da yake an fi tuna ta da ƙuri'a.

A 1925 ta zama editar shafin mata a jaridar manoma ta Western Producer, ta riƙe shi shekara 25. Shafin ya zama dandali. Mace tana zaune a gonar da ba ta ganin hayaƙin gidan kowa, ta rubuto wasiƙa, a buga, wata daga ɗaruruwan mil ta ba ta amsa. Ana maganar girki da kiwon kaji, ana maganar farashin alkama, tazarar haihuwa, haƙƙin mace a dukiyar gona, da zaman lafiyar duniya. Ta buɗe wa yara shafinsu, inda suke aiko da waƙoƙi da labarai. Batun ruwa kuwa ba ta taɓa sakinsa ba. Ta sha nanata cewa gonar da ta iya sayen injin noma za ta iya jawo famfo zuwa ɗakin girki.

Shekarun 1930 sun zo da fari, da guguwar ƙura mai rufe rana, da fara, farashin alkama ya faɗi warwas. Iyalai da yawa suka ɗaure kaya suka bar gonakinsu. Wasiƙun da ke zuwa teburinta suka koma na yunwa da rashin sutura, ita kuma ta riƙa haɗa mai bukata da mai abin taimako ta cikin shafin nata.

Ta rayu ta ga 1947, lokacin da gwamnatin Tommy Douglas ta kawo inshorar asibiti ga kowa a lardin. Ta ga 1962, lokacin da aka faɗaɗa tsarin ya haɗa da kuɗin ganin likita, duk da yajin aikin kwana 23 da likitoci suka yi don su hana. Ba ita kaɗai ta kawo wannan ba, dubban manoma da ma'aikata ne suka sa hannu, amma tana cikin na farko da suka fara kiran. Jami'ar Saskatchewan ta ba ta digirin girmamawa a 1951. Ta rasu a Saskatoon a watan Fabrairu na 1968 tana da shekara 88, a watan Yuli na shekarar kuma dokar inshorar lafiya ta tarayyar Kanada ta fara aiki.