Me Ya Sa Teburin Wani Mai Gyaran Waya Ke Cika, Na Maƙwabcinsa Kuma Ba Kowa?

Assalamu alaikum masu kallo. Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu gyaran waya a Gusau, ko Ƙaura Namoda, ko Talatar Mafara, ya ga abin nan. Teburi biyu ne kusa da juna, kayan aiki iri ɗaya, farashi ma kusan ɗaya. Amma ɗaya mutane sun yi masa cincirindo, wasu na zaune kan benci tun hantsi, ɗayan kuwa yana ta danna wayarsa. Yau za mu duba dalili.

Da yawa za su ce ai wancan ya fi iya aiki. Ƙwarewa na da nata, amma mai kawo waya ba shi da ma'aunin gane ta. Dattijon da ya taso daga Bungudu da wayarsa ba ta caji bai san abin da ke cikin na'urar ba. Abin da yake gani shi ne yadda aka tarbe shi.

Ku saurari gyare-gyaren da ake yi a teburin da ya cika, za ku ji tambaya ce ke fara fitowa. "Baba, mi ya same ta? Ta faɗi ne, ko ta sha ruwa? Wace caja kake sa mata?" Wannan tambayar ba gaisuwa ba ce, rabin aikin ke nan. Wayar da ta daina caji a lokacin hunturu sau da yawa ƙura ce ta toshe bakin cajin, a share shi kawai ta tashi. Wadda bayanta ya ɗago kuwa batir ne ya kumbura, kuma zafin bazara na nan, da ke haura digiri 40, yana saurin gajiyar da batir. Wanda bai tambaya ba, maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: a yi mata filashin.

Bari mu ɗan tsaya a kan filashin ɗin nan, domin a nan ake yawan ɓatawa. Filashin na nufin a sauke wa waya manhajarta sabuwa, kuma galibi duk abin da ke cikinta yana tafiya: hotunan biki, lambobin abokan ciniki, saƙonnin murya na bashi da aka yi alkawarin biya. Ba a nan ta tsaya ba. Tun 2015, daga Android 5.1, Google ya sa wani makulli saboda ɓarayi. Idan aka goge waya da ƙarfi, tana tashi sai ta nemi adireshin Gmail da kalmar sirrin da aka yi amfani da su a baya. To, mutum nawa ne a cikinmu suka san nasu? Yaron shagon da ya sayar da wayar shi ya buɗe, ya rubuta a bayan kwali, kwalin kuma yara sun yi mota da shi. Sai ka ga mutum da wayarsa, da rasit ɗinsa, amma ta ƙi buɗuwa.

Mai gyaran da mutane ke komawa wurinsa yana faɗin wannan kafin ya taɓa komai. Zai duba ko lambobin suna ajiye a asusun Google, wanda ke ba kowa gigabait 15 kyauta, ya duba ko WhatsApp na da ajiya, sannan ya ce, "Hajiya, in na goge, hotunan ga sun tafi. A yi, ko a bari?" Ya bar wa mai kaya zaɓi.

Sai kuma amana. Waya a yau ita ce adaka, a ciki ake ajiye kuɗi da sirri. Akwai manhajar banki, akwai layin da aka haɗa da lambar NIN tun da aka fara tilasta hakan a Disambar 2020, akwai hotunan iyali. Matar aure da ba ta fita takan aiki ƙaninta ko ɗanta da wayar, wani lokaci har da lambar buɗewa. Shi ya sa mata ke da nasu mai gyaran da suke yi wa juna kwatance a gidan suna: wane yakan ce a cire sim da memori tukuna, kuma a gaban ɗan aike yake aiki. Labari irin wannan ya fi kowane allon talla tafiya.

Nan ne ma ake rarrabe mai taimako da ɗan damfara. Wani zai kira ka da murya mai daɗi, ya ce an turo maka lambobi shida, ka karanto masa zai gyara maka matsala. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Kana bayarwa ya shige, ya fara roƙon kuɗi da sunanka. Mai gyara na kirki shi ne ma zai kunna maka tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin makullin WhatsApp, ya miƙo wayar ya kau da kai, ka sa lambar sirrin da kanka.

Akwai kuma harshe. Mutum ba ya son a maida shi jahili a kan abin da ya saya da kuɗinsa. Wanda zai jero maka Turancin injiniyoyi ya yi tsaki, ko ya gyara wayar, ba ka dawowa. A ganina wannan ya fi kashe kasuwar samari masu ilimi fiye da tsadar kaya.

Ga abu na zama wuri ɗaya. A Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, ba intanet, ba kira, wanda wayarsa ta lalace sai dai ya taka zuwa wurin wanda ya sani ido da ido. Wanda ka san teburinsa, ka san ubangidan da ya koya masa aiki, ka san masallacin da yake sallah, in sikirin ɗin da ya sa ya mutu bayan kwana biyu akwai inda za ka kai ƙara.

Wasu matsalolin kuma ba na teburi ba ne sam, kuma mai gaskiya zai faɗa maka. Tecno, Infinix ko itel da ke cikin garanti, wurin Carlcare, cibiyar gyaran wayoyin kamfanin, ya kamata ta je, don buɗe ta a waje na iya ɓata garantin. In an rufe maka layi ko kuɗin katinka na zarewa, danna 300 ka yi magana da kamfanin layin. In ba su share maka hawaye ba, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, na da lambar ƙorafi kyauta, 622. Sannan kafin ka bar wayarka ta kwana a hannun kowa, danna *#06#, lambar IMEI mai alƙaluma 15, wato lambar shaidar wayarka, za ta fito, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida.