Dalilin da ya sa harafin ƙ ke rikiɗewa a Notepad

Masu kallo, tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa a 'yan kwanakin nan: mutum ya yi rubutu a Notepad, ya adana shi lafiya lau, da aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfuta sai ga haruffa masu lanƙwasa sun koma wasu alamomi da ba su karantuwa. Wasu har sun ɗora wa kwamfutar laifin kamuwa da cuta, alhali kuwa lafiyarta ƙalau.

Notepad ƙaramar manhaja ce da ke tare da Windows tun 1985, kuma aikinta na asali rubutu ne tsagwaronsa, babu hoto, babu ado. Buɗewa da bugawa da gogewa kuna ganinsu a allo, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Inda ake tuntuɓe shi ne wannan ɗan akwati da ke ƙasan tagar Save As, wanda aka rubuta wa Encoding, wanda kuma mafi yawanmu ba mu taɓa ko kallonsa ba.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma wannan akwati shi ne yake zaɓar tsarin da za a bi wajen mayar da haruffa lambobi. Tsohon tsarin da ake kira ANSI gurbi 256 kacal yake da shi, kuma a nau'insa na Yammacin Turai babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Shi kuwa UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana ɗaukar haruffan kusan kowane harshe, domin yana iya ba harafi guda lamba ɗaya har zuwa huɗu.

Ga misali. UTF-8 yana rubuta ƙ da lambobi biyu, 198 da 153. Idan aka buɗe fayil ɗin da tsohon tsari, sai manhajar ta ɗauki kowace lamba a matsayin harafi mai zaman kansa, ta nuna Æ da ™ a jere. Rubutun bai lalace ba, karatun ne aka yi ba daidai ba. Saboda haka kada ku yi gyara, kada kuma ku adana. Ku rufe shi, ku koma tagar Open, ku zaɓi UTF-8 kafin ku sake buɗewa.

Matsala ta biyu ita ce mai ciwo. Idan tun farko da ANSI aka adana, Notepad takan fito da gargaɗi cewa wasu haruffa za su salwanta, kuma a gaskiya ni kaina na sha danna amincewa ba tare da na karanta ba. Daga nan sai a maye gurbinsu, sau da yawa da alamar tambaya, kuma babu manhajar da za ta dawo da su, sai dai mutum ya bi layi-layi yana gyarawa da hannu.

Tun daga sabuntawar Windows 10 ta 2019, Notepad da UTF-8 take adana sabon fayil, amma tsohon fayil yana nan a tsarinsa na da. Kafin ku ƙara masa ko harafi ɗaya, ku leƙa kusurwar ƙasa ta dama ta tagar Notepad, a can aka rubuta tsarin da yake kai.