Sharhi: Ƙirga jariran da ake haifa da tawaya

Jama'a masu saurare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 240,000 ke mutuwa a faɗin duniya duk shekara cikin kwana 28 na farko saboda tawayar da aka haife su da ita. Tun 2010 babban taronta ya nemi ƙasashe su riƙa tattara bayanan irin wannan haihuwa. To ya aikin yake tafiya?

A ɗakin haihuwa yake farawa, cikin awa 24. Ungozoma za ta juya jariri ta duba gadon baya, ta haska ganda da tocila, ta duba ƙafafu da dubura, ta auna kewayen kai. Abin da ta gani shi za ta shigar a waya da lambarsa ta jerin cututtuka na duniya: Q05 ga ƙashin baya da bai rufe ba, Q35 zuwa Q37 ga tsagewar leɓe ko ganda. In ta rubuta "tawaya" kawai, bayanin ya tashi a banza. Hoto na taimaka wa likita ya tantance daga nesa, amma sai da yardar uwa.

Manhajar DHIS2 da asibitocinmu ke aika rahoto da ita, galibi jimillar wata take ɗauka. Wannan aiki kuwa kowane jariri sai da nasa shafin. Ga dalili: jaririn da aka haifa a asibitin unguwa a Rigasa ta jihar Kaduna, aka tura asibitin Barau Dikko, daga nan asibitin koyarwa na Shika a Zariya, sau uku zai shiga lissafi. Kuma ba shi da suna sai ranar bakwai. Don haka da sunan uwa, ranar haihuwa da mazaɓa ake gane shi.

Sannan dole a ƙirga duk haihuwa, har waɗanda suka zo babu rai, domin a kan kowace haihuwa 10,000 ake auna yawan matsalar. Nan gizo ke saƙar: mata da yawa a gida suke haihuwa, wasu kuma a ɓoye jaririn don gudun tsegumi. Ƙaramar hukumar da ta nuna sifiri a cikin 23 na jihar Kaduna, ita ya kamata a fara bincika.

Inda alkaluma suka nuna buɗaɗɗen baya ya yawaita, can za a ƙara kai ƙwayar folik asid, mikrogiram 400 kullum, tun kafin a ɗauki ciki. Bututun laka, wanda rashin rufewarsa ke jawo buɗaɗɗen baya, yana rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin mace ba ta ma fara zuwa awo ba.