Shin gwaji zai iya nuna wanda ke shirin kashe kansa?

Umar: Jama'a, assalamu alaikum. Anti Halima, tun rasuwar ƙanin abokina bara wata tambaya ke cin raina. Ciwon damuwa gare shi, yana kuma shan magani. Ana gobe abin zai faru ya yi aski, ya je ya biya mai shago bashinsa. Mu har murna muke, mun ɗauka sauƙi ya samu. Ashe babu gwajin da zai tona abin da ke ransa?

Halima: Allah ya ba ku haƙuri, Umar. An daɗe ana neman gwajin nan. A 1976, Marie Åsberg, likita a cibiyar Karolinska ta Suwidin, ta ɗebi ruwan laka na masu ciwon damuwa, wanda ake zuƙowa da allura ta gadon baya. Ta auna 5-HIAA, wato ragowar da sinadarin sirotonin, mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, ke bari bayan ƙwaƙwalwa ta gama aiki da shi. Waɗanda nasu ya yi ƙasa su suka fi yunƙurin kashe kansu.

Umar: To a yi wa kowa mana!

Halima: Allura a baya ba wasa ba ce. Akwai dai na jini. A ba mutum ƙwayar dexamethasone da ƙarfe 11 na dare, washegari a auna kotisol, sinadarin da jiki ke saki in hankali ya tashi. A mai lafiya sauka yake yi. A wasu masu damuwa kuwa sai ya kafe, ya ƙi sauka. Wani nazari da aka wallafa a Amurka a 2001 ya bi majinyata tsawon shekara 15, aka ga waɗanda nasu ya kafe sun fi mutuwa ta wannan hanya nesa ba kusa ba.

Umar: Me ya hana asibitoci amfani da shi?

Halima: Domin labarin taron jama'a yake bayarwa, ba na mutumin da ke zaune gabanka ba. Mafi yawan masu wannan alamar suna nan da ransu. Juna biyu ma, ko rama mai tsanani, na iya birkita sakamakon. Shi ya sa har gobe likita baki yake buɗewa ya tambaya. Kuma bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin.

Umar: Ni ban tambaye shi ba, Anti. Nauyi na ji.

Halima: Na sani. Ba kai kaɗai ba ne.

Umar: Faɗa min yadda ake yinta.

Halima: Ka zauna kusa da shi, ka kira sunansa, ka ce, "Kana tunanin kashe kanka?" Sai ka yi shiru, ka jira. In ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar.