Jawabin maraba ga Mai girma Kwamishina, daga kwamitin 'yan wasan kwaikwayo na Zariya

Assalamu alaikum. Mai girma Kwamishina, iyayenmu hakimai da dagatai, malamai, 'yan uwa maza da mata, lale marhabin, sannunku da zuwa Zazzau.

Ranka ya daɗe, aikinka ya riga ka isowa garin nan, ba sai mun tsaya zayyano shi ba, Allah ya ƙara girma. Tun kafin mu yi nisa bari mu faɗi abin da ke ranmu: ɗakin wasa muke roƙo, mai rufi, namu na kanmu.

Wasan kwaikwayo fa ba baƙo bane a wurinmu. Tun kafin Bature ya zo da dakali da labule muna da dandali, muna da tashe da yara ke fita da shi daga goma ga azumi, ga wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, ga kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, ga 'yan kama da ke kwaikwayon malamai har ciki yayi ciwo dan dariya. Girkawa sun sassaƙa nasu wurin zaman a jikin tsauni, mu kuwa ƙofar gida da farin wata sun ishe mu.

Kuma ko da zamani yazo Zariya bata zauna a baya ba. Lokacin da aka gina babban gidan wasa na Iganmu a Legas dan bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC na 1977, fasalinsa daga ƙasar Bulgeriya aka kwaso shi. A nan Samaru kuwa, a Jami'ar Ahmadu Bello, wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, gidan Bahaushe ya kalla ya zana gidan wasa, aka gina shi da jar ƙasa, ɗakuna zagaye da rufin ciyawa, tsakar gida a buɗe, ɗan kallo da ɗan wasa suna shaƙar iska ɗaya, kuma daga nan ne ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka suna wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Wallahi duk sanda muka tuna wannan sai mu ji kanmu ya ƙara girma.

To amma ranka ya daɗe, wancan na jami'a ne, mu 'yan cikin gari bamu da ko rumfa. Ajin firamare muke ara da yamma mu yi atisaye, in maigadi ya gaji ya kaɗa mu, kayan wasanmu kuma suna cikin buhuna a gidajen mutane, damina ta ci wasu gara ta ci wasu. Yaranmu masu basira duk sun tafi Kano harkar fim, wanda bai samu ba ya haƙura ya bar sana'ar, abin na mana ciwo ƙwarai.

Akwai maganar lasifika da fitilu, akwai ta motar fita ƙauye, duk waɗannan suna iya jira. Ɗakin nan dai, dan Allah. Ba katafaren gini muke nema ba, a bamu fili a ɗora mana rufi, magina muna da su a cikin gari, tubali mu da kanmu zamu buga shi. In da hali a sa hannu kafin ruwa ya sauka.

Takardar roƙon tana hannun sakatarenmu, yanzu zai miƙo ta. Bayan nan yara sun shirya ɗan gajeren wasa, a nan tsakar rana zasu yi shi, a yi haƙuri da zafin.

Allah ya maida kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.