Washar birkin ril: a shafa giris ko a bar ta a bushe?

Kwana biyun nan tambaya ɗaya ake ta turo mini: washar birkin ril na fatsa, wato abin naɗe zaren kamun kifi, da giris ko a bushe? Har wani ya ce ai shafa giris daidai yake da zuba mai a birkin mota. To, mu kwance mu gani.

Ga murfin birkin na cire, ga kwarkwaron zaren. A cikinsa washa ce jere, ta ƙarfe, mai laushi, ta ƙarfe. Ku jera su yadda kuka ciro su, in ba haka ba wajen mayarwa za ku yi gumi. Su ne ke gugar juna suna sakin zare a hankali idan kifi ya fizga.

In mai laushin ta ulu ce, kamar a yawancin ƙananan ril masu araha, sai da mai, a bushe saurin cinyewa take. In farar Teflon ce, ku ƙyale ta. Rigimar duk a kan baƙar nan ce ta kabon, irin HT-100 ta kamfanin Penn ko Carbontex.

A bushe ta fi riƙo, ban musa ba. Amma ku kalli kan sandar fatsar nan. Na ja, ta cije, sai ta saki farat ɗaya. Wannan cizon na farko shi ke tsinka zare idan giwan ruwa ya zabura. Ruwa ya shiga kuwa, sai abin ya ƙaru, balle na gishiri.

Ga inda ake tafka kuskuren. Giris ɗin na birkin ril ne, irin na Cal's mai Teflon, ko na kamfanin Shimano. Ba na bakanike ba, ba baƙin mai ba. Ɗan lakato kaɗan, a shafa gaba da baya, a murza da yatsa har ya shiga cikin saƙar. Sannan, ku natsu nan, a goge. A sa tsumma mai tsabta a goge har saƙar ta sake fitowa, ɗan ƙyalli kawai ya rage. Kun gani? Kamar ban shafa komai ba. Wanda ya shige ciki shi ne mai aikin.

Mutanenmu kuwa sai su labta shi kamar man shanu a tuwo, su ɗaure, birki ya yi ta santsi, a dawo ana cewa giris ya kashe ril. Ni dai tawa da giris take, na yarda in rasa ɗan ƙarfin riƙo.

Mayarwa, ɗaya bayan ɗaya. Sai a ɗaura zaren a sikeli a ja: zaren da ke tsinkewa a kilo 12, birki ya fara saki a kilo 3 zuwa 4. Ku sake duba kan sandar. Ko girgiza ba ta yi.

Af, in an tashi daga bakin ruwa a sassauta murfin, kada washar ta kwana a matse.